Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗan majalisarmu na jiha: kafin ka sake yi mana misali da Chana

Assalamu alaikum, Honarabul. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, abin da ya sa na ɗauki biro ya fi ta nauyi.

Ka tuna ranar rabon kayan tallafi a filin firamaren garinmu. Ina zaune a layi na biyu tare da dattawan unguwa, saboda haka ba wani ne ya kawo mini labari ba. Wani matashi, ɗan maƙwabcina, wanda ambaliya ta cinye masa shinkafa damina biyu a jere, ya miƙe ya yi sallama ya tambaye ka ina aka kwana a maganar jingar da ka yi mana alkawari. Bai zage ka ba, bai ɗaga murya ba. Kafin ya rufe baki yaranka sun ƙwace lasifika, suka tura shi waje a gaban mahaifinsa. Da ka karɓi magana sai ka ce surutu ne ya hana Najeriya ci gaba, ka ce mu dubi Chana, can babu mai tambayar gwamnati, babu 'yan adawa, jam'iyya ɗaya ce, shi ya sa suka wuce kowa. Wasu suka tafa. Ni kuwa na koma gida na kasa barci.

Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, mafi yawansu ina koyar da tarihi. Ba zan iya yin shiru ba ina kallon mutumin da muka zaɓa ya je ya yi magana da yawunmu yana koya wa 'ya'yanmu cewa shiru ne hanyar arziki.

Ban ƙi gaskiyar da ke cikin maganarka ba. Chana ta yi abin mamaki. Injin ban-ruwan da ke fadamarmu nata ne, babur ɗin da ake kai mata asibiti a kai nata ne, haka fitilar sola da wayar da ke aljihun kowa. Bankin Duniya ya ce mutum kusan miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a can cikin shekara arba'in. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka ɗauko mana ƙarshen labari ka bar tsakiyarsa, kuma tsakiyar ce ta shafe mu, domin labarin manoma ne irinmu.

Jam'iyyar Kwaminis ta karɓi mulkin Chana a 1949 ƙarƙashin Mao. A 1958 ya ƙaddamar da wani shiri na tsallake kowa a noma da masana'antu cikin 'yan shekaru. Aka haɗe gonakin mutane wuri guda, aka hana kowa rumbunsa, aka hana girki a gida, kowa ya je ya ci a tukunyar gari. Aka janye majiya ƙarfi daga gona aka sa su narka ƙarfe a bayan gida, har tukwane da fartanya suka shiga wuta. Kowane jami'in ƙauye ya san cewa idan ya kai rahoton amfanin gona kaɗan za a ce shi maƙiyin juyin-juya-hali ne. Sai ya ƙara a kan abin da aka girbe. Na gundumarsa ya ƙara a kan nasa, na lardi ya ninka, kafin takarda ta isa Beijin hatsin da ke cikinta ya ninka wanda ke ƙasa. Gwamnati kuwa da takarda take aiki. Ta yanka kasonta bisa lissafin ƙarya, ta kwashe abin da ke akwai, har tana sayarwa ƙasashen waje, manomin da ya noma yana cin ganye da ɓawon itace. Tsakanin 1959 da 1961 yunwa ta kashe mutanen da masu bincike da yawa ke ƙiyastawa a kusan miliyan 30, wasu ma sun ce sun fi haka nesa.

Akwai wanda ya yi ƙoƙarin magana. Peng Dehuai ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne ministan tsaro, jarumin yaƙi. Ya je mahaifarsa ya ga halin da manoma ke ciki, a watan Yulin 1959 ya rubuta wa Mao wasiƙa cikin ladabi a taron jam'iyya da aka yi a Lushan. Aka tuɓe shi. Daga ranar duk wanda ke da niyyar faɗin gaskiya ya haɗiye ta, yunwar ta ci gaba da ci har shekara biyu. Shi kansa Peng a tsare ya mutu a 1974. To idan ministan tsaro bai tsira ba, manomi da wane bakin zai ce gonata ba ta yi ba?

Kuma ka san daga ina arzikin da kake yabo ya faro? A 1978, bayan mutuwar Mao, manoma 18 na wani ƙauye mai suna Xiaogang a lardin Anhui suka haɗu da dare a ɓoye suka dangwala yatsu a takarda, suka raba gonar tarayya kowa ya noma tasa, alhali doka ta hana. Suka yi alkawarin idan an kama wani, sauran za su riƙe masa 'ya'ya. Amfanin da suka samu a shekarar da ta biyo baya ya sa gwamnati ta bi sawunsu. Wato an fara ganin haske ne ranar da hukuma ta yarda manomi ya fi ta sanin gonarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan Afirka ma mun gani: a watan Satumban 1984 gwamnatin gurguzu ta Mengistu a Habasha tana ta shagalin cika shekara goma da juyin-juya-hali a Addis Ababa, mutanen Wollo da Tigrai suna mutuwa da yunwa.

Honarabul, kujerar da kake kai ba daga wannan gidan ta fito ba. A Chana ma akwai majalisa, wakilai kusan 3,000, suna cikakken zama sau ɗaya a shekara. A 2018 da aka kawo musu batun cire wa'adin shugaban ƙasa, 2,958 suka ce e, mutum biyu kacal suka ce a'a. Majalisar da jam'iyya ke tace wanda zai shige ta, jam'iyyar kuma tana saman kotu da soja da jarida, aikinta sa hannu. Idan irin wannan kake sha'awa, to ka sani a can babu wanda zai buƙaci ɗan majalisa mai zuwa ƙofar gidanmu yana roƙon ƙuri'a, kuma ranar da na sama ya juya maka baya babu alƙali ko ɗan jarida da za ka kai wa kuka.

Majalisa irin taka an gina ta ne a kan tambaya. A Ingila, inda muka gaji tsarin farko, firaminista ɗan majalisa ne kamar kowa, yana da mazaɓar da za ta iya kayar da shi. Duk Laraba idan majalisa na zama sai ya tsaya da ƙafarsa ya amsa tambayoyi, jagoran adawa yana gabansa, duniya na kallo. Ba ya mulki sai da yardar mafi rinjayen wakilai, ranar da suka janye ta ya sauka. A watan Maris na 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi da ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310, aka tafi zaɓe, babu wanda aka harba. Liz Truss a 2022 kwana 49 ta yi, da shirinta na tattalin arziki ya rikita ƙasa 'yan jam'iyyarta da kansu suka nuna mata ƙofa. A Indiya, Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a 1975, ta ɗaure 'yan adawa ta rufe bakin jaridu. A 1977 talakawan ƙauye, da yawansu ko karatu ba su iya ba, suka kayar da jam'iyyarta, ita kanta ta rasa kujerarta. Indiya tana da talauci har gobe, akwai yaran da ba sa ƙoshi, ba na ɓoye wannan. Amma tun da ta samu 'yanci a 1947 ba ta sake ganin yunwa irin ta Bengal ta 1943 ba. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, ya nuna dalilin: gwamnatin da ke tsoron zaɓe da jarida da 'yan adawa ba ta iya kawar da kai idan mutane suka fara mutuwa, domin kukansu yana isa kunnenta ko ba ta so.

Ba sai mun je Landan ba ma. Daga 1960 zuwa 1966 tsarin firaminista muke yi, Tafawa Ɓalewa yana zaune cikin majalisa a Legas yana amsa tambaya, Sardauna yana yin haka a Kaduna. Ba zan ce zamanin tsarkakakke ba ne. Mahaifina ɗan NEPU ne, jam'iyyar adawa ta talakawan Arewa, ya sha dukan 'yan doka, ya kwana a gidan yarin En'e saboda ya je lacca. Abin da ya sa suka jure shi ne abin da yaranka suka hana ɗan maƙwabcina: talaka ya tsaya gaban mai mulki ya tambaye shi. Tun daga kafa NEPU a Kano a watan Agustan 1950 wannan suke nema, har Malam Aminu Kano ya shiga majalisar tarayya a 1959. Da aka dawo siyasa a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano, ƙuri'ar waɗannan talakawa ce ta kawo Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Na ga dattawa suna kuka da hawaye a ranar. A ƙasar da aka sha wannan wahala ne za ka tsaya ka ce mana shiru ya fi?

Na san tun 1979 tsarin shugaba mai cikakken iko muke bi, ba za ku iya sauke gwamna da ƙuri'ar rashin amincewa kamar a Ingila ba. Amma sashe na 128 na kundin tsarin mulki ya ba majalisarku ikon bincikar yadda aka kashe duk kuɗin da kuka amince da shi, da kiran kowane kwamishina ya zo ya yi bayani. Ku talatin ne a zauren nan. Kai ne namu. Sau nawa ka miƙe ka ambaci sunan garinmu?

Yanzu ga jingar. Lokacin kamfen ka tsaya a bakin kogi, ka nuna da hannunka inda ruwa ke ɓallewa, ka ce idan ka hau ba za mu sake kwana a kan titi ba. Ka ce za ka matsa a yashe kachallar da ta toshe hanyar ruwa. Abin da muka gani tifa uku ta ƙasa da allon kwangila, aka ɗauki hoto, aka tafi. Ruwan farko ya wanke ƙasar. Damina ta yi nisa muka koma cika buhuna da yashi da hannunmu, manya da yara, cikin dare da tocila. Duk da haka ya ci mu. Ni kaina eka biyu ta shinkafa na rasa ana saura kwanaki a yanka, kuma da bashi na sayi takin. Abin da ya fi ƙona mini rai, a taron nan da bakinka ka lissafa jingar cikin ayyukan da aka kammala. Ina kyautata maka zato, na ɗauka haka aka rubuto maka. To ka ga abin da nake faɗa maka a kan Chana ya iso ƙofarmu. Wani ya rubuta ƙarya, na samansa ya sa hannu, ta hau har ta iso gare ka, kuma mutum ɗaya da ya tashi zai gaya maka gaskiya shi aka tura waje. Wannan yaron ba maƙiyinka ba ne, ya fi masu tafa maka ƙaunarka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai sauran abubuwa. Ɗakin shan maganinmu ma'aikaci ɗaya ne, idan ya tafi gari sai a rufe. Firamaren da ka tsaya a filinta aji biyu babu rufi. Takin tallafi ba ya zuwa sai gero ya fitar da kai. Waɗannan ma da an bar mutane sun yi magana da tuni ka ji su, na bar su sai wani lokaci.

Don Allah, don darajar iyayenka da muka sani mutanen kirki, kada ka bari a mayar da kai abin da ba a haife ka a kai ba. Sashe na 110 ya ba mu damar kiranye, kowa ya sani, amma ni ba shi nake nema ba, ban kuma rubuto don wata jam'iyya ba. Na zaɓe ka, na sa iyalina sun zaɓe ka, kunyar nan har da ni a ciki.

Abu uku nake roƙo. Ka aika a kira yaron nan da mahaifinsa ka ba su haƙuri a gaban mutanen da aka wulaƙanta su. Ka tashi a zauren majalisa ka nemi a kawo takardun kwangilar jingar, nawa aka ware, nawa aka biya, wa ya sa hannu cewa an gama, ka karanta mana su a rediyo da Hausa. Sannan ka zo da kanka, ba da jiniya ba, ba da 'yan jagaliya ba, ka zauna a filin firamaren nan ranar kasuwa, a ba kowa lasifika, mata ma a ba su, ka saurara har su gama. Za ka ji maganar da ba ta da daɗi, ka daure.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu rani ne, kogi ya ja baya, mota tana iya isa har bakin gaɓa. Idan aka kai watan shida ba a zuba ƙasa an danne ta ba, sai dai mu sake neman buhuna. Dattawan gari sun ce in gaya maka a shirye suke su raka ka ka ga wurin da idonka, duk ranar da ka sa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta kuma manomi, daga mazaɓarka a Jihar Jigawa