Wasiƙa Kan Rigimar Sarki Henry da Fafaroma

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Landan? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Na ga saƙonka, inda ka ce abokan aikinka sun gaya maka son mace ne ya raba Ingila da Fafaroma. Ban ce ƙarya suka yi ba, Anne Boleyn, wadda Sarki Henry ya so ya aura, tana cikin maganar tsundum, amma ni a ganina rashin magaji ne tushen fitinar.

Henry na Takwas ya hau gadon sarauta a 1509, a shekarar kuma ya auri Catherine, 'yar sarautar Sifen, matar yayansa Arthur da ya rasu. Sai da aka nemi izinin Roma kafin a ɗaura. Ta yi ta haihuwa ba sa zama, Mary kaɗai ta rayu. Gidansu kuwa sabo ne a sarauta, mahaifinsa a fagen yaƙi ya ƙwace ta a 1485, don haka barin 'ya mace kan karaga abin tsoro ne a wurinsa. Da a wurinmu ne da sai ya yi mata kishiya a huta, to addininsu bai yarda da wannan ba, bai kuma yarda da saki ba. Sai ya kafa hujja da wata aya ta Attaura mai hana auren matar ɗan'uwa, ya nemi a ce auren bai ɗauru ba tun farko.

Ka lura, irin wannan alfarma Fafaroma ya saba yi wa sarakuna. Clement na Bakwai, Fafaroman lokacin, shi ya warware auren Margaret, yayar Henry, a 1527. Amma a shekarar ce sojojin Charles na Biyar, sarkin Sifen, suka wawashe Roma, Fafaroma ya koma tafin hannunsa, ga shi Catherine ƙanwar mahaifiyar Charles ce. Ina Clement zai iya? Sai ya yi ta jan ƙafa. Kadinal Wolsey, wanda ke juya ƙasar a lokacin, shi ya kwana a ciki da ya kasa samo warware auren: aka tuɓe shi a 1529, ya mutu a Leicester a 1530.

Wanda ya fi ba ni mamaki Thomas Cromwell ne, ɗan maƙeri daga Putney. Shi ya bi da al'amarin ta majalisar dokoki. A 1533 aka hana ɗaukaka ƙara zuwa Roma, Thomas Cranmer, sabon Akbishop na Canterbury, ya warware auren a gida. A 1534 doka ta ce sarki ne shugaban cocin Ingila. Thomas More, tsohon babban jami'in sarki, da Bishop John Fisher suka ƙi rantsuwar amincewa da hakan, aka fille musu kai a 1535. Anne kuma, da Henry ya aure ta bayan duk wannan ɗauki ba daɗi, mace ta haifa, Elizabeth, Anne ɗin ma takobi ya ci ta a 1536.

Kada ka ɗauka Henry aƙida ya sauya. Shi ne fa ya rubuta raddi ga Martin Luther, Bajamushen da ya jagoranci bijire wa cocin Roma, har Fafaroma ya ba shi laƙabin Mai Kare Addini a 1521. Duba kuɗin ƙarfen da ke aljihunka, haruffan F.D. na wannan laƙabi suna nan. Masu son gyaran addini da gaske su ne irin su Cranmer da Cromwell, suka raɓe a inuwarsa.

Abin da ya ɗaure tamau kuwa dukiya ce. Daga 1536 zuwa 1540 aka rushe gidajen zuhudu, sarki ya kwashe filayensu ya sayar wa manyan ƙasa. Shi ya sa ko da Mary ta hau mulki a 1553 ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Fafaroma, filayen nan ba su koma ba, masu su suka ce atafau.

In ka samu sarari ka leƙa Hasumiyar Landan, nan aka tsare More, nan aka kashe Anne. Ka turo mini hoto. A gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Amininka