Masu tafiya jinya Indiya, ku san naman da ke cikin miyarsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Kanawa masu kai marasa lafiya asibitocin Indiya. Ni mahauci ne, a Kwatar Fagge na tashi, kuma na yi zaman jinyar yayana a Delhi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanenmu ke zama da yunwa a can. Mai jinya zai taho da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, in sun ƙare ya koma shayi da burodi, shi da majinyacin da likita ya ce a ba shi abinci mai gina jiki. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce bai san naman me suke zubawa a miya ba.

Yana da gaskiya ya yi taka-tsantsan, amma tambaya ce maganin abin.

Naman da ya fi yawa a tukunyarsu kaza ce. Bayanta sai akuya, kuma nan ne na sara musu. In ka ga an rubuta "mutton" a takardar abinci, galibi naman akuya ake nufi, ba na rago ba. Mu a nan da yawa muna yi wa akuya kallon raini, wasu ma su ce tana tayar da tsohon ciwo, alhali su Indiyawa ita ce naman fita kunyarsu. Da ƙashinta suke sara ta, su jiƙa a kindirmo da citta da tafarnuwa. Sai a soya albasa a man shanu har ta yi ja, a jefa kanumfari da kirfa ɗanyensu, a zuba kurkur da barkono, sannan naman ya shiga a rage wuta. Ba a cika masa ruwa. Kindirmon nan shi ke kashe ƙarni ya kuma tausasa tsoka. Rogan josh na mutanen Kashmir, mai jan romo, a kan irin wannan hanya yake. Garin kori na ƙunshi da muke saya a Kasuwar Rimi kuwa, Turawan Ingila ne suka yaɗa shi a duniya. Matan Indiya kowace miya da haɗin da suke yi mata.

Wanda ke Delhi ya daure ya je tsohon gari, wajen Masallacin Jama, unguwar Musulmi ce. Da sassafe za ka tarar da manyan tukwane an rufe, sun kwana a kan wuta. Nihari ke nan: naman ƙauri da ɓargo, ya dahu har cokali na yanka shi, a yayyafa yankakkiyar citta da lemon tsami, a ci da gurasa mai zafi. Akwai kuma paya, romon ƙafafu, ɗan'uwan langaɓunmu. Ranar da na kai wa yayana shi a kwano, ya shanye tas har ya nemi ƙari.

Naman shanu sai a yi hattara. Mabiya addinin Hindu suna girmama saniya, kuma yawancin jihohi sun hana yanka ta, ko da yake a Kerala da Bengal ta Yamma ana ci. A Delhi abin da za a ba ka a madadinsa naman ɓauna ne, irin ta gida da suke kiwo don madara. Halal ce in an yanka, sai dai tsokarta ta fi duhu da tauri. Kada baƙo ya shiga kasuwa yana cigiyar naman sa da ƙarfi, zai iya jawo wa kansa fitina.

Abu biyu ne na haƙiƙa abin gudu. Na farko vindaloo, miyar jihar Goa, inda Turawan Fotugal suka yi mulki daga 1510 zuwa 1961. Asalinta da naman alade ake yi, ko da yake yanzu ana yin ta kaza, don haka a tambaya. Na biyu shi ne jhatka, wato sare kan dabba da sara ɗaya, yadda mabiya addinin Sikh da wasu Hindu suke yi. Kaza ce ko akuya, in ta wannan hanya ta bi, ba yankanmu ba ne. Mahautan Musulmi suna rubuta halal a ƙofar shago, kuma mai gidan abinci ba ya jin haushi don ka tambaye shi.

In zuciya ba ta kwanta ba, ga miyar da ba nama ko kaɗan: dal na ƙananan wake, da paneer, cukun madara da suke dafawa da alayyafo. Abincin kanti ma yana da alama, koren ɗigo na nufin ba nama a ciki. Wanda jinya ta kai Chennai ko Kerala kuwa, ga kifi da madarar kwakwa da tsamiya.

Ina kira ga masu shirya wa mutane biza da asibiti su riƙa yi musu wannan bayani tun a Kano, kafin su hau jirgi. A kuma gaya wa mai dafawa ya rage barkono da mai saboda majinyaci, a bi abin da likita ya ce.

Naka,
Wani mahauci,
Fagge, Kano.