Baba Rabaran, yaya za mu gane fushin da ya halatta?

Baba Rabaran, salama gare ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya hidima, ya iyali?

Mu dattawa ne masu zaman sulhu a wata ikkilisiya a nan Sakkwato, kuma ba ma barin shirinka ya wuce mu. Maganar fushi ce ta kawo mu.

Abin da muke koyarwa a ajin baftisma bai da wuya. Fitowa 34:6 ta ce Allah mai jinkirin fushi ne, mai yawan ƙauna. Zabura 30:5 ta ce fushinsa na ɗan lokaci ne, tagomashinsa kuwa na tsawon rai. Romawa 1:18 ba ta ɓoye cewa yana fushi da mugunta ba, amma a 5:8 an nuna Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. Mun fahimci cewa fushinsa daga ƙaunarsa yake fitowa, kamar uwa da ta ga an ɗaga wa ɗanta sanda. Na mutum kuwa Yakubu 1:20 ta gama magana: ba ya aikata adalcin Allah. Musa ma da ya hasala ya bugi dutse sau biyu a Meriba, bai shiga ƙasar alkawari ba.

A zaman sulhu Matiyu 18:15-17 muke bi. Wanda aka ɓata wa ya je shi kaɗai ya sami ɗan'uwansa. In bai ji ba, ya koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sai maganar ta zo gaban ikkilisiya. Matakin farko ne ake tsallakewa kusan kullum: kafin a yi ido biyu, magana ta zaga WhatsApp da zumuntar mata, kowa ya riga ya ɗauki ɓangare. A mataki na biyu kuma sai mutum ya ɗauko ƙaninsa da surukinsa a matsayin shaidu, ɗayan ya ga taron dangi aka yi masa. Shi ya sa yanzu muke cewa shaidu su zama waɗanda ɓangarorin biyu suka yarda da su, a kuma zauna bayan la'asar. Da ranar bazarar Sakkwato ko waliyyi ba ya sauraron kowa.

Inda muka cije shi ne nan. Masu saurin hannu sun haddace labarin Yesu yana kifar da teburan 'yan canji a Haikali, kowane tsawa sai su ce fushin adalci ne. Muna nuna musu Markus 3:5, inda Yesu ya dubi masu neman zarginsa da fushi, yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu, sannan ya warkar da shanyayyen hannun wani mutum. Sai mu tambaye su: naka fushin wa ya warkar? Muna kuma tuna musu Yunusa, wanda ya fusata don an ji tausayin mutum sama da 120,000 a Nineba. Wannan ɓangaren muna iyawa.

Ɗaya ɓangaren ne ke hana mu barci. Gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata kaya, ko lebura da aka hana haƙƙinsa wata uku, da sun buɗe baki sai a ce "yi haƙuri, Kirista ba ya fushi," a karanto musu Afisawa 4:26, kada rana ta faɗi suna fushi. Ayar nan kuwa da "ku yi fushi" ta fara. Sai ka ga mace ta durƙusa ta ce ta yafe, muryarta na rawa, an tafa mata, azzalumin kuma ko tsinke bai mayar ba. Matiyu 5:23-24 ma wanda ɗan'uwansa ke da ƙara a kansa ta ce ya bar baikonsa ya je ya shirya, amma mu wanda aka cuta muke matsa wa.

To Baba, ka ba mu haske. Idan wadda aka zalunta ta ce ba ta neman ramuwa, ta bar wa Allah kamar yadda Romawa 12:19 ta ce, amma zuciyarta ba ta huce ba, mu bar ta ta ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, ko ta dakata? Shi kuma wanda ya roƙi gafara da baki bai biya ba, a karɓi tubansa ko a sa shi ƙarƙashin horo sai ya mayar? In horon ne, na wata nawa?

Jibin Ubangiji na gaba ranar Lahadin farko ta wata mai zuwa ne. Muna roƙo ka taɓa maganar kafin nan.

Naka cikin Ubangiji,
Wasu dattawan ikkilisiya, Sakkwato