Amsa Ga Wanda Ya Tambaye Ni Ko Na Yarda An Gicciye Annabi Isa

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ka kira sunana a bainar jama'a ka ce: "Malam, fito fili ka gaya mana, an gicciye Annabi Isa ko ba a gicciye shi ba? Mun ji ka kana jero hujjojin Kiristoci kamar ka fi su yarda da su." Farkon maganarka tambaya ce, tana da amsa. Ƙarshenta kuwa tuhuma ce a kan imanina, kuma ita ta hana ni barci.

Ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Haka Allah Ya faɗa a Suratun Nisa'i aya ta 157, Ya ce kamanta musu aka yi, a aya ta 158 kuma Ya ce ɗauke shi Ya yi zuwa gare Shi. A kan wannan na tashi, shi nake karantarwa tun ba ka iya haɗa baƙi ba, a kansa nake fatan cikawa. Ranar da na yi karatun nan kana sahun gaba, littafin rubutu a cinyarka, kuma da wannan ayar na buɗe. Da aka tashi ka kama hannuna da hannu biyu, ka yi mini addu'a, ba ka ce uffan ba. Sai bayan kwana biyu tambayar ta ɓullo inda kowa zai gani. Ban shiga zuciyarka ba, amma da sani kake nema, ai ga ni a gabanka a ranar.

Abin da na faɗa game da Kiristoci, gobe ma zan maimaita shi. Linjilolinsu huɗu, Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, duk sun ce an gicciye Yesu a zamanin Bilatus, gwamnan Rumawa a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Tasitus, masanin tarihin Rum wanda ba Kirista ba ne, ba ya ma ƙaunarsu, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya zartar wa Almasihu hukuncin kisa. Mene ne abin ɓoyewa a nan? Ayar da kanta ta ce an kamanta musu. Ke nan mutane sun ga abin da ya sa suka ɗauka shi ne, suka kuma ba da labarin abin da suka gani. Ni ruwayarsu ba ta girgiza ni ba, domin Wanda Ya san zahiri da ɓoye Ya riga Ya ba ni labari.

Kuma saɓanin ya wuce abin da ya faru a rana ɗaya a Urushalima. A wurin Kirista, gicciye shi ne ginshiƙin addini: Yesu ya mutu don ya fanshi mutane daga zunubi, ya tashi a rana ta uku. Bulus, ɗaya daga cikin jagororin Kiristocin farko, ya rubuta wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta farko sura ta 15, cewa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarsu banza ce. Mu kuwa mun karanta a Baƙara aya ta 37 cewa Annabi Adamu ya tuba kuma an karɓi tubarsa, a An'am aya ta 164 kuma cewa babu ran da zai ɗauki nauyin wani. Babu zunubin gado a wurinmu, balle a nemi jinin fansa. Ɗalibin da bai san wannan ba, zai yi ta gardama a kan itacen gicciye alhali inda aka rabu yana can a kan yadda Allah yake gafarta wa bawa. Shi nake so ɗalibaina su gane, shi ka mayar laifi.

Ka ce me ya sa ban faɗi cewa Yahuza, almajirin da aka ce ya ci amanar Annabi Isa, aka gicciye a madadinsa ba. Alƙur'ani bai ambaci sunan kowa ba. Ɗabari, malamin tafsirin da ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya kawo ruwayoyi masu saɓa wa juna, har da wadda ta ce wani almajirin Isa ne ya ba da kansa. Linjilar Barnaba da ka kafa hujja da ita kuwa, babu kwafinta da ya girmi ƙarni na 16, kuma a ciki Isa yana musun cewa shi ne Almasihu, alhali Alƙur'ani da wannan suna ya kira shi. Ba zan jingina aƙidata da ita ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya wuce kai kaɗai. An wayi gari duk malamin da ya faɗi aƙidar wasu yadda masu ita suke faɗinta, sai a fara auna imaninsa. Wanda ya fi kowa zagi shi ne mai kishin addini. Ina muka ajiye Ankabut aya ta 46, da ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau? Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, ya karanta Suratu Maryam, ya faɗi matsayin Isa bai rage komai ba, bai kuma zagi kowa ba.

Karatu yana nan a ranar da aka saba. Zan zo da juzu'in Ɗabari, in ka zo kai za ka karanta wa jama'a shafin da bakinka.

Wassalam,
Malaminka.