Roƙon Tallafi: Mu Gyara wa Yaranmu Garkar Bakin Gulbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iyayenmu maza da mata, alhazai da hajiyoyi, ƴan uwa mazauna Maraɗi da waɗanda neman abinci ya kai Yamai, Agadas, Kano ko can ƙetare, wannan saƙo ne daga kwamitin iyayen yara na lakwal ɗinmu ta firamare, wanda aka fi sani da COGES, tare da amincewar limamin unguwa da mai unguwa.

Duk wanda ya haifi ɗa namiji a unguwannin gangaren gari ya san inda ake nemo shi idan an rufe lakwal. Babban hutu yana faɗowa daidai da damina, daga Yuli har Oktoba, kuma lokacin ne Gulbin Maraɗi ke kawo ruwa. Yaro ya karya kumallo, ya ce zai je gaida kakarsa, sai la'asar a gan shi idanu jajur, ƙafafu fari fat da yashi. Mun yi faɗa, mun yi bulala, liman ya yi huɗuba a kai, ba su bari ba. In za a faɗi gaskiya mu ma ba mu bari ba sa'ad da muke kamarsu. Akwai mai furfura cikin wannan kwamiti da har yau yake ɗauke da tabon reshen mangwaron da ya faɗo daga kai a fadama.

Sai dai gulbin da muka yi wanka ciki ba shi ne na yau ba. Ruwan yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Tun da aka datse shi a Jibiya zuwansa ya canza. Ga kuma ramukan da masu ɗibar yashi da masu buga bulo suka bari, waɗanda idan ruwa ya rufe su babu mai sanin zurfinsu sai wanda ya taka. Idan gulbi ya janye, kududdufai suna nan kwance har cikin kaka, kuma a irin wannan ruwa ne ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma cikin ƙananan katantanwa, ta fito ta shiga fatar mai wanka, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Wasu cikinmu har yanzu ɗauka suke alamar balaga ce. Cuta ce, jama'a. Ana raba maganinta a lakwal, amma yaron da ya sha magani yau ya koma kududdufi jibi, an yi ba a yi ba ke nan.

Da muka gaji da hani, sai muka yi shawara: tunda ba za su bar bakin gulbi ba, mu bi su can da tabarminmu.

Allah da ikonsa, wani dattijo cikin unguwa, wanda ya roƙe mu kada a ambaci sunansa, ya ba da tsohuwar garkarsa waƙafi ga lakwal. Tana kan tudun gaɓa, da manyan mangwaro da gwaiba, da rijiya ɗaya da bakinta ya zube. An rubuta takarda gaban mai unguwa da magada, an kai ma'aikatar magajin gari.

Wata Asabar muka ɗebi iyalanmu muka je gwaji. Mata suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaro, aka kwance ƙullin dambu da kwaɗon zogale, aka dama fura. Matasa suka hura gawayin shayi. Ƴan mata na carafke da ƴar gala-gala, maza na langa da ƙwallo, daga nesa ana jin injinan ban ruwa na masu garkar tumatir da albasa. Wani ɗan aji uku ya tsaya yana kallon zogale a jikin iccensa yana tambaya ko shi ne wanda ake ci, domin bai taɓa ganinsa ba sai a kwano. Mushensu ya ce darasin da ya yi mako biyu yana zanawa a allo, ranar ya shiga kansu kafin azahar. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, tun hantsi har muka tashi babu yaro ko ɗaya da ya sulale zuwa ruwa. Uwarsa na nan, abokansa na nan, me zai je nema?

Mun san akwai tafkin Madarunfa, da kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta, wuri ne mai daɗin zuwa. Amma yana da nisan kilomita 20 da wani abu, kuma magidanci mai ƴaƴa bakwai ba zai biya musu mota kowane mako ba. In ya yi ƙoƙari ya kai su sau ɗaya a shekara. Garkar nan kuwa da ƙafa ake zuwa.

Abin da muke roƙo na farko, wanda ya fi kowanne gaggawa, shi ne shinge, musamman ta gefen da ke kallon gulbi. Idan babu shi, gara ma kada a kai yara wurin. Za a ja waya, a dasa ƙaya a bayanta, in wayar ta tsufa shingen icce ya riga ya kama. Bayan shinge sai makewayi biyu, na maza da na mata, sai gyaran rijiya da siminti da murfi mai makulli. Sauran, wato benci, lilo na tsofaffin tayoyi, rumfar salla da butoci, za su biyo baya gwargwadon abin da aka samu.

Ba za mu yi babban gini ba, ko da kuɗi sun samu. Kakanninmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a kwari, har aka tashi aka hau tudun da muke kai yanzu. Ta 2024 kuwa ba labari aka ba mu ba, da idonmu muka gani. Wanda ya zuba dukiyar jama'a a hanyar ruwa ya ci amana. Icce za mu fi sa wa ƙarfi. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai da dashen itatuwa, kowane aji zai dasa nasa ya riƙa ba shi ruwa. Akwai kuma kututturan gawo da ke tofo a gefen garkar, za mu rene su da sassaben zamani, dabarar da manoman jihar Maraɗi suka yi suna da ita tun shekarun 1980. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, ke nan inuwarsa tana zuwa a kan kari, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40.

A taron iyaye wasu sun nuna tsoro, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sun ce an sha buɗe wuri da sunan shaƙatawa, ya koma matattarar shisha da zancen dare. Ga abin da aka tsayar: za a sa mai gadi, a rufe ƙofa kafin kiran magariba, ba kiɗa da lasifika, yaro ƙarami ba ya shiga sai da babba. Rana ɗaya a mako ta mata ce da ƙananan yara zalla. Shiga kyauta ne ga kowa, ɗan lakwal ɗinmu da wanda ba namu ba, har almajiran unguwa da malaminsu.

Mun tambayi liman ko za a iya sa zakka a wannan aiki. Ya ce a'a, zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, wannan kuwa sadaka ce mai gudana, irin wadda ladanta ba ya yankewa bayan mutum ya kwanta dama. Saboda haka kada kowa ya rage haƙƙin miskini don ya ba mu.

Mai jika goma ya kawo, mai dala ashirin ma kada ya ji kunya. Wanda ya fi son ba da kaya, muna karɓar buhun siminti, waya, ƙarfe, tayoyi da irin dashe. Magina, kafintoci da masu walda, yini ɗaya na aikinku ya fi mana kuɗi da yawa. Ana miƙa gudummawa hannun ma'ajin kwamiti a lakwal, a karɓi rasit nan take. Na nesa su aiko ta hannun ɗan uwan da suka amince da shi. Ba mu tura kowa gida-gida ba, duk wanda ya zo muku da sunanmu babu takarda mai hatimin lakwal, kada ku ba shi. Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe yana manne a ƙofar diraktan lakwal, kuma za a riƙa karanta shi bayan sallar Juma'a ta farkon kowane wata.

Asabar mai zuwa akwai gayya bayan sallar asuba, za a yi shara a haƙa ramukan shinge. A zo da fartanya, adda, shebur da baro. Iyayenmu mata sun ɗauki nauyin kunu. Muna so a ce waya ta tsaya kafin gulbi ya kawo ruwan bana.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana zuri'a.

Kwamitin Iyayen Yara
Maraɗi