Kafin ka buɗe agogon jirgin nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ga hoton agogon da aka kawo maka shago can Apapa, wanda ke cikin akwatin katako. Don Allah kada ka sa masa hannu sai ka gama karanta takardar nan.

Kuronomita ce ta jirgin ruwa, wato agogon da matuƙa ke lissafin inda suke a teku da shi. Na san ka goge a agogon aljihu, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. Na aljihu liba gare shi, ƙarfen nan mai yatsu biyu, yana jure jijjiga, kuma da ka yi masa wani zai tashi. Wannan kuwa ɗan siririn harshen ƙarfe ne ke tare haƙoran giyar, sau ɗaya yake sakinta a kowane kai-da-komon balans, wilin nan mai juyawa gaba da baya. Ba a sa wa wurin mai, shi ya sa daskarewar mai ba ta cika ɓata tafiyarsa ba. Sai dai ba ya son girgiza ko kaɗan, kuma in ya tsaya sai ka ɗan murɗa akwatin kafin ya tashi. Zobban da yake rataye a kai su ke riƙe shi a kwance komai tangaɗin jirgi.

Abin da ya fi damuna shi ne babban sifirin. Ka sauke ƙarfinsa kaf kafin ka cire balans. In ka manta, giyar za ta kwasa a guje ta karya haƙora da harshen nan, kuma ba kayan da za ka samu a kasuwa ba ne. Za ka ga sarƙa siririya naɗe a jikin ƙarfe mai siffar mazurari, ita ke daidaita ƙarfin sifirin tun daga cikar wani har ƙarewarsa. Bi ta a hankali.

Kada kuma ka taɓa hannuwansa don gyara lokaci. Matuƙa rubutawa suke yi, sakan nawa yake ƙarawa ko ragewa kullum, da shi suke lissafin inda suke. Kuskuren sakan 4 mil ɗaya ne na teku a layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu. A kan wannan matsalar Ingila ta sa ladan fam 20,000 a 1714, wani mai ƙera agogo, John Harrison, ya ƙarar da rayuwarsa a kai.

In hannunka bai kwanta ba, faɗa wa mai shi gaskiya, ka tokare balans da ɗan toto, ka kulle zobban, ka kira ni.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka