A riƙa koya wa yara karin maganar Turanci da ma'anarta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina koyar da Turanci, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake koyar da karin maganar da Turawa ke bayyana halin zuciya da ita. Ana ba yara su haddace "over the moon" (tsananin farin ciki) ko "see red" (tsananin fushi) kamar lissafi. Sai ka ji ɗalibi ya ce "butterflies in my stomach" ciwon ciki ne, alhali Bature yana nufin faɗuwar gaba ce, irin wadda ake ji kafin jarrabawa.

Abin da ya fi damuna shi ne muhallin magana. "Feeling blue" ɗan ɓacin rai ne na yau da kullum. Wanda mahaifinsa ya rasu ba a ce masa haka, kalmar "grief" ce ta dace da shi. Yaron da ya rubuta ta'aziyya da "blue" zai ɓata ran mai makoki ba da niyya ba.

Ina roƙon jaridarku ta buɗe ɗan fili kowane mako, a kawo karin magana guda, a nuna ta cikin jimla, a faɗi wanda ya dace a faɗa wa ita da wanda bai dace ba.

Naku,
Wata malamar Turanci